Talata Bakwai a Gindin Dutse

Makka, 12 ga Sha'aban 1445

Zuwa ga taubashina Ali na Ƙofar Mazugal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali. Yaya mahaifiyarka, Gwaggo Ya Kaka, da ƙarfin jiki? Ka durƙusa ka gaishe mini da ita, ba irin gaisuwarka ta tsaye ba.

Ni ne Mala ɗan kawunka Ɗanbaba, in har bawa ya manta da ubangidansa. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyarmu ba. Yaƙin Sudan ya iso mana Madani wata biyu da suka wuce, muka fita da kayan jikinmu kawai. Matata da yara suna ƙauye wajen danginta, ni kuma Allah ya jefo ni nan ta jirgin ruwa. Ba ni da layin waya, shi ya sa na koma wa ajamin da mahaifinka ya koya mana a Madabo, shekaru ukun da na zauna a gidanku.

Baba yana raye, yana hannun mutanen kirki, yana gaida yayarsa. Kada ka tambaye ni fiye da haka yanzu.

A shagon wani tela Bakano mai suna Jibrin na yi kiciɓis da maƙwabcinku Alhaji Garba, ya zo Umara. Shi ya gaya mini Gwaggo ta biya kujerar Hajjin bana, kuma kai za ka rako ta. Wallahi sai da na yi hawaye a gaban mutane.

Ga abin da nake roƙo. An gina wani sabon gidan tarihi a gindin Dutsen Nur, inda kogon Hira yake. Akwai Alƙur'anai na da a cikin gilashi, akwai ɗakin da ake nuna yadda wahayi ya fara sauka, ga inuwa ga wurin zama. Ka kawo Gwaggo ta gani. Kowace Talata bayan la'asar za ku same ni a farfajiyar, daga kamawar Zulƙida har ƙarshen Zulhijja. Akwai abin da idonta zai so gani a wurin.

In za ka ba ni amsa, a ajiye ta a shagon Jibrin.

Ubangidanka,
Mala

Ƙofar Mazugal, Kano, 3 ga Ramadan 1445

Zuwa ga Mala, wanda yake mafarkin yana da bawa,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi! Ranar da Alhaji Garba ya miƙo mini takardarka a rumfata ta Kurmi, barin cinikin huluna na yi na taho gida da sassarfa. Muna lafiya. Ya Kaka ƙafa ce kawai take damunta, sai kuma rashin jin labarin ƙaninta. Tun da aka fara yaƙin nan rediyo ba ya barin kunnenta, in aka ambaci Madani sai ta ajiye cokali. Ina yi muku jaje, Allah ya mayar da alheri, ya kashe wutar nan.

Ban karanta mata takardar duka ba, don kada maganar gudu da kayan jiki ta tayar mata da hawan jini. Na dai tsakuro mata: kana Makka lafiya, Kawu yana raye. Ta yi sujada nan take. Sai ta ce a wane gari ka baro shi, wa yake dafa masa, wa yake yi masa wanki. Na ce wataƙila yana ƙauye tare da iyalinka. Haka ne? Don Allah ka faɗa mini. Shekara talatin da takwas rabon da su ga juna, tun zuwan da ya yi ɗaukarka daga gidanmu. Kullum maganarta ɗaya ce: a bayanta Ɗanbaba ya girma, kuma ba ta so ƙasa ta rufe idonta ba ta sake ganinsa ba.

Sai maganar gidan kallonka. Kai Mala, har yanzu ba ka daina ba? Yaƙi ya kore ka daga gida amma bai kore maka tsiya ba! Ka tuna ranar da ka ce mini an kawo giwa Ƙofar Nassarawa? Na sheƙa da gudu tun daga Mazugal ba ko takalmi, na tarar da jakin mai itace yana cin kara. Wai "akwai abin da idonta zai so gani." Da irin wannan muryar ka sayar mini da giwa. Maciji yakan sari mutum sau biyu a rami ɗaya, amma ba Ali ba.

Duk da haka na tambayi Alhaji Garba, don shi ya shiga. Ya ce wurin ya tsaru, ba laifi, fitilu ne da majigi da shagunan shayi. To mu da muka tashi a gidan da ake rubuta Alƙur'ani da ka, mu za a nuna wa Alƙur'ani a cikin gilashi? Tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, salla ɗaya a Harami ta fi salla dubu ɗari, in ɗauke ta in kai ta yawon buɗe ido? Kuma tun yaushe gwaggo take zuwa gaida ɗan ƙaninta? Kai za ka zo masaukinmu ka durƙusa. In mun sauka zan ajiye maka sunan gidan a wajen telan naka.

Wani ɗan unguwarmu zai tafi Umarar azumi, shi zai kawo maka wannan, da kilishi da hula ɗaya. Kyautar ubangida ce ga bawansa.

Naka,
Ali

Makka, 27 ga Ramadan 1445

Ali,

Assalamu alaikum. Na ga takarda, na ga kilishi, na ga hula. Allah ya saka da alheri. Ina lafiya. Baba jiki sai a hankali, amma yana cin abinci. Ya ji gaisuwar yayarsa.

Ali, ajiye wasa gefe. Na san na yi maka giwa, na yi maka wasu ma da ka manta, amma wannan ba ita ba ce. Ba zan iya zuwa masaukinku ba. Ba raini ba ne, Allah shi ne shaidata. Ƙafata ba ta kaiwa wajajen Harami a irin wannan lokaci, kuma takarda hannu da yawa take bi kafin ta iso gare ka, ka gane.

Ba na gardama da kai a kan ladan salla. Wuni ɗaya ma ban roƙa ba. Tsakanin la'asar da magariba kawai, mota za ta kawo ku har bakin farfajiya, Gwaggo ba za ta hau ko tudu ɗaya ba. In ba ta son shiga ciki, kada ta shiga. Ta zauna a inuwa ta sha ruwa ta koma. Ka ce da ita Mala ne yake roƙonta, ita da kanta. Ka karanta mata wannan layin yadda na rubuta shi.

Talata, bayan la'asar. Zan sa hular da ka aiko don ka gane ni, tun da na ji an ce tumbi ya hana ka ganin gabanka.

Mala

Makka, 24 ga Zulƙida 1445

Mala,

Mun iso daga Madina shekaranjiya, lafiya lau. Na zo shagon Jibrin na tarar da shi a kulle, shi ya sa na zura wannan ta ƙarƙashin ƙofa. Sunan masaukinmu da lambar ɗaki da sabuwar lambar wayata suna bayan takardar nan.

Takardarka ta biyu ta ba ni dariya har da tari. "Ajiye wasa gefe," sannan ka rufe da tumbina! Ko ranar giwa ma sai da ka ce ajiye wasa gefe. In ƙafarka ba ta kaiwa, ka hau mota, ai ba a ƙafa aka ce ka zo ba. Zafin garin nan ba na wasa ba ne, ba zan fitar da Ya Kaka ko'ina ba sai Harami. Muna jiran ka. Ta ajiye maka daddawa da kuka.

Ali

Ƙofar Mazugal, Kano, 15 ga Muharram 1446

Malam Mala,

Assalamu alaikum. Mun dawo gida lafiya, Ya Kaka ta zama Hajiya, alhamdu lillahi. Ta sha wahalar rana a Mina, sai da aka ƙara mata ruwa, amma ta warware.

Ka ga na ce maka Malam, don yau ba wasa a bakina. Kwana talatin da uku muka yi a Makka. Kwana talatin da uku, Mala, ba ka zo ba, ba ka kira ba, ba ka aiko ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ta gyara mayafi ta ce ga Mala nan. Daddawar da ta ɗauko maka tun daga Kano, ranar da za mu taho ta ba wata Bazazzaga mai shara, tana ba ta tana share ido da gefen hijabi. Abin da ta so kawai ta zaunar da kai ta tambaye ka Ɗanbaba. Wa zai gaya mata halin da yake ciki in ba kai ba?

Matar nan ita ta yi maka wanka da ka yi ƙyanda a gidanmu. Ita take ɓoye maka ƙanzo ta hana ni. Ko kare ya san gidan da ya ci tuwo. In kana jin kunyar a gan ka ba ka da komai, wa ya tambaye ka wani abu? Mu ba 'yan'uwanka ba ne?

Ka nace sai mun zo gidan kallo, mun ƙi, shi ne ka yi zuciya? To ka ci gidan kallonka. Na ji haushi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Abu ɗaya ya rage tsakanina da kai: ka rubuto mini sunan ƙauyen da Kawu yake da wanda za a kira a ji muryarsa. In ka yi wannan, sauran na bar ka da Allah.

Ali

Makka, 9 ga Rabi'ul Awwal 1446

Ali ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Alhamis, sha ɗaya ga Safar, da hantsi. An yi masa salla, an binne shi a nan Makka. Ka nemi lokacin da ya dace ka gaya wa Gwaggo.

A nan Makka na ce. Tare muka zo, Ali. A bayana na hau da shi jirgin ruwa, don ɓarin jikinsa na hagu ya mutu tun a hanya. Bizar Umara muka shigo da ita, ta ƙare, muka rasa inda za mu koma. Wani bawan Allah ya ba mu ɗaki a unguwar da take bayan dutsen, da sharaɗin kada mu jawo masa ido.

Ranar da na gaya wa Baba cewa Gwaggo ta biya kujera, ya yi murna. Sai ya sa na ɗauko Alƙur'ani na dafa. Ya ce, "Na san Yaya. In ta ji ina kwance a ɗakin aro ina cin sadaka, za ta sayar da kujerar ta aiko mini. Tun tana yarinya take jiran Hajjin nan. Ba za ka faɗa ba sai ƙafarta ta taka Makka." Na rantse. Shi ya zaɓi farfajiyar gidan tarihin, don ita ce iyakar inda zan iya tura shi a keken guragu daga ɗakinmu, kuma motocin alhazai suna tsayawa a wurin.

Talata bakwai muka yi. Ta kwanakin Mina kawai muka tsallake. Kowace Talata da safe sai ya ce in yi masa aski in gyara masa gemu. Hular da ka aiko, shi yake sa ta, ni ban taɓa ɗora ta a kaina ba. In mota ta tsaya ya hango jakar alhazan Najeriya, sai ya ce, "Tura ni kusa." Ya riƙa tambayar mutane da karkataccen bakinsa, ku 'yan wace unguwa ne, kun san Ya Kaka ta Mazugal? Alhazan Kano dubbai ne, a gidaje barkatai, ba wanda ya san ta. Wasu suka ɗauka bara yake yi, suna miƙa masa riyal, yana mayar musu. In an kira magariba sai ya ce, "Wataƙila ƙafar ce ta motsa mata. Mu dawo wani makon."

Jibrin ya rufe shago ya tafi Jidda tun kafin ku iso, bai dawo ba sai bayan Ashura. Ran nan na ga takardar da ka zura. Lokacin da kuke nan, lambarka ta Kano na kira ta da wayar aro ya fi sau goma, a kashe. Sau ɗaya na yi ƙundunbala na nufi wajen Harami in neme ku gida gida, na hango ana duba takardu, na juyo. In aka riƙe ni, wa zai juya Baba a shimfiɗa? Da na karanta sunan masaukinku, na tambaya, aka ce tafiyar minti ashirin ce a mota. Ban gaya masa ba.

Ka tambaye ni ko na yi zuciya. Ban yi ba. Na karanta zaginka, ban ga laifinka ba, don ni na koya maka kada ka yarda da ni. Shekara arba'in ban taɓa gaya maka magana ba tare da na ɗaura mata wutsiya ba. Ko a takardar da nake roƙonka, hannuna bai iya rufewa ba sai da ya tsokane ka. Kuma akwai wanda ya fi wannan ci mini rai. Kaffarar rantsuwa ga wanda ba shi da komai azumin kwana uku ce. Kwana uku, Ali. Da na rubuta maka layi ɗaya a fili, na ce ka riƙe a cikinka, na yi azumina. Ni da na karanta littattafai na san haka sarai, amma na tsaya ina kewaye kewaye, ina jira ka gane.

Shi kuwa gidan tarihin, in har yanzu kana so ka sani, ban taɓa shiga cikinsa ba. Abin da na rubuta maka a bakin mutane na ji. Farfajiyar kawai na sani, kuma tun Talatar ƙarshe ban sake bi ta wurin ba.

Bai yi fushi da kowa ba. Ya ce a gaya wa Yaya ya ji daɗi ta sauke farali.

Mala

Ƙofar Mazugal, Kano, 2 ga Rabi'us Sani 1446

Mala,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba mu haƙuri. Jikin Ya Kaka da sauƙi. Ni ne dai ba lafiya, ko da yake ba inda yake mini ciwo.

Kwana biyu takardarka tana aljihuna. Na je kasuwa na dawo, na je na dawo, ban san me na sayar ba. Rana ta uku bayan azahar na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa, na karanta mata tun daga sallama har sunanka. Ba ta yi kururuwa ba. Da na zo wajen aski sai ta ce in dakata, ta juya fuska bango, ta daɗe, sannan ta ce in ci gaba.

Mun yi zaman makoki kwana uku. Mutanen Mazugal da na Madabo sun cika zaure, kowa ya shigo maganarsa ɗaya: kai, ya dace, mutuwa a Makka, wa ya ga irin wannan sa'a! Tana amsawa da amin. Ni kuwa duk wanda ya faɗa sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi.

Akwai abin da na ɓoye maka a takardar da na zage ka. Sau biyu ta ce in kai ta. Ban karanta mata layin da ka ce in karanta ba, na dai gaya mata cikin raha wai Mala yana so mu je kallon fitilu. Makonmu na farko a Makka ta ce, "Ali, wurin nan da yaron nan ya ce, mu leƙa mana." Na ce rana ta yi yawa. Bayan mun sauko daga Mina ta sake cewa, har ta sa takalmi. Na yi dariya na ce, "Ya Kaka, wasan Mala ne fa, ni na san shi." Ta cire takalmin. Na duba kalanda jiya, ban san me ya kai ni ba. Ranar Talata ce.

Bayan an watse makoki ta kira ni. Ta ce, "Takardun nan na farko, wa aka kira a ciki, ni ko kai?" Na ce ita. Ta ce, "To ni taubashiyarsa ce? Wasan tsakaninku ne, Ali. Ni yaushe Mala ya taɓa yi mini wasa?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kada ka ɗora wa kanka. Kai ka riƙe amanar mahaifinka, ni na tsaya tsakanin uwata da takardar da aka rubuto mata, ina zaɓar mata abin da za ta ji. Ka yafe mini maganar kare da tuwo. Na rasa inda zan sa kaina in na tuna ta.

Ta ce ka taho Kano, kai da matarka da yara, ɗakin da ka zauna yana nan. Ka gaya mini yadda za a yi, ni zan tsaya a kai.

Sannan ta ba ni tambaya ɗaya, ta ce kada in sake in manta. Wai ya yi furfura? Ta ce ita da baƙin gashi ta san shi, ta yi ta ƙoƙarin ganinsa a keken nan da hular, fuskar ta ƙi zuwa. Ka rubuto mata kamanninsa dalla dalla, gemun, da idon, da yadda bakin ya koma, kada ka rage komai don tausayi. Zan karanta mata duka.

Ɗan'uwanka,
Ali